Wace Ce Ke Rera Waƙar Indiya?

A Limawa, kamar sauran unguwannin Dutse, masu tura waƙoƙi a waya sun san abin da ake nufi in uwargida ta aiko yaro a sa mata "tsofaffin Indiya". Ba na bana take so ba, na zamanin Mother India da Mughal-e-Azam take nema. Amma ka tambayi mai sauraro wa ke rerawa, sai ya ce Nargis ce, ko Madhubala. Fuska ce tasu. Muryar kuwa, sau da yawa, ta Lata Mangeshkar ce ko ta ƙanwarta Asha Bhosle.

Tun 1935 masu shirya fim a Kalkata suka fara raba murya da fuska. Sai an gama ɗaukar waƙar a ɗakin naɗar sauti, mawaƙiya na gaban makirufo, makaɗa na bayanta, sannan a kai ta wurin ɗaukar hoto a sake ta a lasifika, jaruma na motsa leɓe tana bin kiɗan. Da wannan dabara mace ɗaya ta iya zama muryar jarumai masu yawa, daga kaka har jika. An haifi Lata a Indore a 1929, ta rasu a Mumbai ranar 6 ga Fabrairu, 2022, bayan ta shafe fiye da shekara 70 tana waƙa.

Da farko ko sunanta ba a sawa. A faifan shahararriyar waƙar fim ɗin Mahal na 1949, sunan Kamini aka rubuta, wato matar da Madhubala ta fito a matsayinta. Sai da masu sauraro suka dami gidan rediyo da wasiƙu suna tambayar mai wannan murya. Daga baya Lata ta tsaya kai da fata a kan haƙƙin mawaƙa na cinikin faifai, har suka yi shekaru ba sa waƙa tare da mawaƙi Mohammed Rafi saboda saɓanin da suka samu a kan batun.

Ƙwarori masu gidajen silima ne suka shigo da finafinan Indiya Kano tun shekarun 1950. Silima kuwa a lokacin wurin maza ce. Matar aure ba ta zuwa Plaza ko Orion. Rediyo da kaset, daga baya talabijin, su suka kai waƙoƙin cikin gida. Saboda haka matan ƙasar Hausa da dama murya suka fara sani kafin fuska, suna daka suna binta ba tare da jin kalma ɗaya ta Indiyanci ba. A ganina kunya da kawaicin da ke cikin muryar ne suka kama su, domin irin su aka tarbiyyantar da su a kai. Karin ya bazu har Abdu Yaron Goge ya ɗora shi a kan goge, masu bandiri a Kano kuma suka zuba masa baitocin begen Annabi, kamar yadda Farfesa Abdalla Uba Adamu da Brian Larkin suka nuna a bincikensu.

Da finafinan Hausa suka kankama bayan Turmin Danya na 1990, tsarin nan suka ɗauko sukutum: a yi waƙa da fiyano a situdiyo, jaruma ta hau kai. Matsalar ma ta biyo shi. Fati Nijar da Maryam A. Baba da Fantimoti sun samu an san sunansu, amma mata nawa ne suka yi amshi ko suka rera waƙar da ta sayar da fim, aka sallame su a ranar, fastar ta fito da hoton wata? Yanzu da waƙa ke yawo daga waya zuwa waya, ko sunan fim ɗin ba ya biyo ta, balle na mawaƙiyar. Hukumar tace finafinai ta Kano tana duba kowane fim kafin ya fita kasuwa; ba zai yi mata wuya ba ta sharɗanta a rubuta sunan wadda ta rera kowace waƙa a jikinsa.