Babban Gwani: Laƙabin Magini Da Ya Zama Sunan Zuri'a

Duk wanda ya ratsa ƙauyukan Kaugama da Auyo da kewayen Haɗeja bayan ambaliyar 2020 ko ta 2022 ba zai manta da abin da ya gani ba: katangu sun zube, rufi ya rufta, iyalai sun fake a makarantu. Tun daga lokacin wata magana ta zauna a bakin jama'a, wai ginin ƙasa na talaka ne, wanda Allah ya hore wa sai bulo da kwano. Maganar tana da ƙamshin gaskiya, domin babu katangar ƙasar da za ta yi mako tsundum cikin ruwa ta tsaya. Amma kafin a yi wa ginin ƙasa kuɗin goro, ya kamata a waiwayi wani gida a birnin Zariya wanda sunansa kaɗai hujja ce cewa aikin ya taɓa zama ilimi mai zurfi.

Bahaushe ba shi da sunan dangi irin na Bature. Akan kira mutum da sunan mahaifinsa, ko na garinsu, kamar yadda aka san sha'irin nan Mu'azu Haɗeja. Sai dai wani lokaci laƙabin mutum ɗaya kan yi nauyi har ya rufe sunan yanka, 'ya'ya da jikoki su gaje shi. Haka ta faru da Ɗantata a kasuwanci da Ɗanƙwairo a kiɗan fada, haka kuma ta faru da Babban Gwani a gini.

A Zazzau an fi saninsa da Malam Mika'ilu, a ƙasar Bauchi kuwa Muhammadu Durugu ake ce masa. Ya yi zamani a ƙarni na 19, lokacin da sarakunan da suka karɓi tuta daga Sakkwato suke buƙatar masallatai da fadoji da za su dace da sabuwar daula. Aikinsa mafi shahara shi ne Masallacin Juma'a na Zariya, wanda ya gina a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu (1834 zuwa 1846). Ana jingina masa babban zauren fadar Bauchi, wanda har yau sunansa yake amsawa, da kuma gidan Madaki a Kafin Madaki, wanda aka sa cikin wuraren tarihi na ƙasa a 1956. Labarin baka ya ce a Birnin Gwari ya gamu da ajalinsa, wai bayan ya gama masallacin garin sarki ya sa aka kashe shi don kada ya gina wa wani irinsa. Ko yaya aka ɗauki labarin, ya nuna matsayin da magini ya kai a idon mutanen wancan zamani.

Mene ne gwanintar? Amsar tana cikin rufi. Azara, wato tsagin itacen giginya, gara ba ta cin ta, amma idan aka shimfiɗa ta a sarari aka ɗora mata ƙasa, ba ta iya ɗaukar nauyi a faɗin da ya wuce kamar mita biyu. Shi ya sa ɗakin talaka yake ƙarami. Dabarar magina ita ce su dasa azara cikin bango, su karkato da ita ciki, su ɗaura wata a kanta da igiya, hawa bayan hawa, har na wannan bango ya haɗu da na wancan a sama, sannan a lulluɓe da kwaɓaɓɓiyar ƙasa. Wannan shi ne bakan gizo. Idan bakuna suka gitta juna suka ɗauki tulluwa, an samu ɗaurin guga. Babban Gwani bai ƙirƙiro wannan ba, ya tarar da ita, amma shi ya kai ta inda ba a taɓa kai ta ba: ya rufe zauren da zai ɗauki sahun jama'a masu yawa, bisa ginshiƙai masu kauri da aka yi wa zane mai nutsuwa, ba tare da siminti ko ƙarfe ba.

Sauran sirrin yana hannun wasu masu sana'a. Katsi daga marina yake fitowa, gashi daga majema, makuba daga kwasfar ɗorawa, kuma da su ake haɗa shafen da ke hana ruwa shiga. Ga indararo mai tunkuɗa ruwan rufi nesa da bango, ga yaɓen da ake sabuntawa kafin kowace damina. A nan ne, a ganina, muke kuskuren lissafi. Yawancin gidajen da mamakon ruwan sama yake rusawa a yau ba su ga makuba ba, ba su da tushe mai tudu, wasu an shafe su da siminti wanda yake ɓamɓarewa ya riƙe danshi a ciki. Abin da yake faɗuwa ragowar sana'ar ce, bayan an zare mata rabin iliminta.

Zuri'ar Babban Gwani ta riƙe sarautar magina a Zazzau, kuma unguwarsu a cikin birni tana nan da sunansa. Masallacin kansa kuwa ya sha da ƙyar. A shekarun 1970 aka rushe wasu sassansa na waje, aka kewaye tsohon zauren da sabon ginin kankare, ya zama gini cikin gini. Wanda yake son ganin siffarsa ta asali sai ya je Jos, inda aka gina kwatankwacinsa a gidan adana gine-ginen gargajiya, bisa awon da wani masani ɗan ƙasar Poland, Zbigniew Dmochowski, ya ɗauka. Abin takaici ne a ce awon ya fi samun mai kula da shi a kan masu aikin. A Jenne ta ƙasar Mali, babban masallacin ƙasa da aka sake ginawa a 1907 yana nan tsaye saboda kowace shekara gari kan fito a yi masa yaɓe, magina na gado suna gaba.

A ƙasar Haɗeja har yanzu akwai dattawan da suka san ƙasar da ta dace da tubali da wadda ba ta dace ba, suka san tudun da ruwa bai taɓa hawa ba. Galibin 'ya'yansu sun koma buga bulo, kuma giginyar da ake tsaga azara daga jikinta ana sare ta fiye da yadda ake dasa ta.