Canja Haƙoran Aksul Na Tsohuwar A-Kori-Kura

Kaka in ta yi a ƙasar Kafur, tsofaffin a-kori-kura ba su da hutu. Su ke kwaso masara da dawa da auduga daga Gozaki da Mahuta da Masari, su kai Malumfashi ko Funtua. Da yawansu Fijo ne, 404 da 504, irin waɗanda aka riƙa haɗawa a Kaduna bayan an buɗe masana'antar Fijo a 1975. Kullum kukan masu su biyu ne: ko mota ta kasa hawa tudu da kaya, ko ta cika shan mai. Sau da yawa maganar tana cikin aksul na baya.

Ga yadda abin ya ke. A cikin tulun nan na tsakiyar aksul akwai ƙarafa biyu masu haƙora, ƙarami da babba. Farfela ke juya ƙaramin, shi kuma ya juya babban, babban ya juya tayoyi. In aka raba yawan haƙoran babban da na ƙaramin, sai a sami lambar aksul. Misali, babba mai haƙori 35 da ƙarami mai 9, lambarsu 3.89 ke nan. Watau sai farfela ta juya kusan sau huɗu kafin taya ta juya sau ɗaya.

To, in aka cire su aka sa mai 39 da mai 8, lamba ta koma 4.88. Ƙarfin jan mota ya ƙaru da kashi ɗaya cikin huɗu. Za ta tashi da buhuna ba tare da an ƙona kuloci ba, ta kuma fita daga laka da damina. Amma fa ba a samun abu a banza. Gudun da inji ke yi da juyi 3,000 a minti, yanzu sai ya yi wajen 3,760. A kan kwalta zai yi ta kuka, ya sha mai, ya tsufa da wuri. Tun da aka janye tallafin man fetur a 2023 kuwa, wannan ba ƙaramar magana ba ce. Agogon gudu ma zai yi ƙarya: ya nuna 100, alhali 80 a ke yi.

Saboda haka kowa ya dubi hanyarsa. Wanda aikinsa daga gona zuwa kasuwa ne, da kaya mai nauyi, babbar lamba ta fi masa. Ɗan kasuwa mai bin kwalta zuwa Zariya ko Kano da kaya kaɗan, ƙarama ta fi masa. A tuna kuma, sa manyan tayoyi daidai ya ke da rage lamba, gama yana rage ƙarfin ja.

Wanda ya yi niyyar canji, ya kiyaye abu huɗu. Na fari, haƙoran nan biyu tare a ke yinsu, tare a ke canja su. Wanda ya je Panteka a Kaduna ko Ƙofar Ruwa a Kano kada ya yarda a haɗa masa na wannan mota da na waccan, ya kuma ƙirga haƙora da idonsa kafin ya biya. Na biyu, ya nemi makaniki wanda zai shafa fenti a haƙora ya ga inda su ke cizo. In sun matse ko sun yi sako-sako, aksul zai yi ta gurnani har ya karye. Na uku, a zuba man giya mai kauri, kada a zuba baƙin mai na inji. Na huɗu, mota mai ja da ƙafa huɗu, kamar Land Rover, lalle lambar gaba da ta baya su zama ɗaya.

Daga ƙarshe, sabon haƙori ba ya ƙara wa burki ƙarfi, ba ya ƙara wa sifirin. Mota ta iya jan buhu talatin, ba shi ne ta iya tsayawa da su a gangare ba. Gara a yi sawu biyu a isa lafiya.