Kafin ka sayi kwale-kwale na hannu, sa shi a ruwa

Masu son zuba tarwaɗa ko karfasa a babban kududdufi a yankin Birnin Kudu da Gwaram suna yawan tambaya kan kwale-kwale. Tafkin siminti ko na tamfol ba ya buƙatarsa. Amma idan ruwan ya yi faɗin da ba za ka iya watsa abinci ko jan raga daga gefe ba, dole ka nemi ɗan jirgi. Sabo ya yi tsada, shi ya sa ake komawa wajen masunta na bakin Kogin Bunga neman na hannu.

To, ga inda ake cin mutane: a tudu. Jirgin da aka kife a ƙasa, aka shafe shi da sabuwar kwalta, kyau gare shi wallahi, amma kwalta tana rufe ruɓa. Ka tafi da sukudireba. Ka danna bakinta a ƙasan jirgin, a kusurwoyi, da wajen da katako ya haɗu da katako. Idan ta shige kamar a rogo dafaffe, ka bar shi. Ka duba kan kusoshi. Baƙin zobe a kewayensu alama ce tsatsa ta ci itacen. Garin itace da ƙananan huji kuwa aikin ƙwari ne.

Ka tambayi irin itacen. Maɗaci da kawo suna jure ruwa. Rimi ba nauyi, ga arha, sai dai ba ya daɗewa.

Wani abu da sababbin shiga ba su sani ba: jirgin katako da ya sha ranar bazara a tudu zai yi yoyo ranar farko ko da lafiyarsa ƙalau, saboda katakon ya tsuke. Sai ya kwana biyu a ruwa ya kumbura sannan a gane gaskiyarsa. Don haka ka roƙi mai shi ya jiƙa shi tukuna. Wanda ya ƙi, ya gaya maka amsa ke nan.

Ranar gwaji, a kwashe ruwan ciki tas, a wuri marar zurfi. Ka ɗora nauyin da zai riƙa ɗauka: kai da yaronka, da jarka huɗu masu lita 25 cike da ruwa, kilo 100 ke nan, kusan buhu bakwai na abincin kifi mai kilo 15. Ku zauna rabin awa. Ka lura ta ina ruwa ke tsattsafowa, kuma bakin jirgin ya rage aƙalla taƙi ɗaya a saman ruwa. Yoyo a haɗi ɗaya ana toshe shi, ka rage kuɗin gyaran a ciniki. Yoyo ta tsakiyar katakon ƙasa kuwa canjin katako ne gaba ɗaya.

Ka tafi da tsohon masunci, ko ka bi ta wajen Sarkin Ruwa. Sun san tarihin kowane jirgi a mashigin. Kuma a cikin kuɗin da ka ware ka sa rigar ruwa guda biyu, ko da ka iya iyo.