Ina Man Golf Ɗin Yaya Yake Tafiya?

A hanyar Ƙauran Namoda zuwa Shinkafi ba abin da ya kai Golf yawa, amma wadda yayana ya kawo Badarawa ta fita daban. Golf 3 ce samfurin GTI, irin wadda kamfanin Volkswagen na Jamus ya ƙera tsakanin 1991 da 1997 don masu son gudu, da inji mai lita 2 da ƙarfin doki 115. Ta hannu ce, ta bi ta wajen mutane da dama tun shigowarta daga Kwatano. Yaya malamin makaranta ne, adashi ya ɗauka ya saye ta, ya kuma ware ɗan abin da ya rage don ya sa mata sababbin rim da salansa mai ƙara.

Sai ga 29 ga Mayun 2023, aka cire tallafin mai, litar da ake saya ƙasa da naira 200 ta haura 500. Daga nan kowa ya fara lissafi, lissafin yaya kuwa ya ƙi fita. Motar da ya kamata ta sha kamar lita 8 ko 9 a kilomita 100 tana neman ninka haka. A yankinmu wannan ba maganar aljihu ce kaɗai ba. Hanyar da kowa ke son ya gama da ita kafin la'asar sakaliya, ba a so mai ya yanke wa mutum a tsakiyarta.

Wanda aka fara zargi shi ne autanmu, domin shi ke wanke motar, kuma yana da babur. Yaya bai ce masa komai ba, sai dai ya sa wa murfin tanki makulli. Man bai fasa tafiya ba. Inna ta ce masa: "Ka ga abin da ya sa aka ce zato zunubi. Nemi ɓarawonka cikin ƙarfe, ka bar mini yaro."

Zargi ya koma kan 'yan bumburutu da mudunsu. Sai yaya ya cika tanki fal a gidan mai a Ƙaura, ya rubuta lambar kilomita, ya yi zirga-zirgarsa, ya koma famfon nan ya sake cikawa. Awo bai canja ba. Ya shimfiɗa kwali ƙarƙashin motar ta kwana, da safe babu ko ɗigo. Ke nan ba sata, ba yoyo. Injin da kansa ke shanye man.

Makanikin farko ya buɗe matatar iska ya tarar ƙura ta toshe ta, aka sauya. Ya kwance fulogai, duk huɗun sun yi baƙi ƙirin da kunkunniya, su ma aka sauya. Motar ta ɗan ware, amma ba a jima ba sababbin suka sake baƙi. Wani rewaya ya ce ƙwaƙwalwar motar ce ta taɓu, sai an aiko da wata daga kasuwar Ƙofar Ruwa a Kano, kuɗin da ya faɗa kuwa zai cinye duk abin da aka ware har da ciko.

Kafin a kai ga haka aka kwatanta mana wani dattijon makanike a Ƙaura. Bai ɗauki sifana ba sai da ya gama tambayoyi. Ya zaro sandar awon baƙin mai ya shinshina, ya miƙa wa yaya. Warin fetur ne sosai.

"Malam, yaushe ta fi sha, da bazara ko da hunturu?"

"Da hunturu, Baba. Amma fa ba ta zafi ko kaɗan. Wanda ya sayar mini ma da wannan ya yi mini talla. Ko Gusau na je da ita, allurar ba ta ɗagawa."

Dattijon ya ce a bar motar ta huce sarai. Da ta yi sanyi ya sa yaya ya murɗa makulli. Tun kafin injin ya tashi sai ga fankar lagireto ta kama juyi. Ya sa aka tayar, ya kama hannun yaya ya ɗora a kan babban tiyon da ke shiga lagireto. Cikin ɗan lokaci tiyon ya soma ɗumi, yana ƙaruwa a hankali.

"Wanga tiyo bai kamata ya yi ɗumi yanzu ba. An cire mata tamostat, an haɗa fanka kai-tsaye. Motar ga ba lafiya ta hana ta zafi ba, sanyi ke damun ta."

Ya shiga ƙarƙashi ya kwance murfin da ke gindin famfon ruwa. Mazaunin tamostat ɗin wayam.

Ga yadda abin yake. Injin Golf an yi shi ne ya yi aiki a kusan digiri 90, shi ya sa lambar take tsakiyar agogon zafi. Tamostat ƙaramar ƙofa ce mai kaki irin na masana'anta a cikinta. Tana rufe hanyar lagireto har sai ruwa ya kai wajen digiri 87, sannan kakin ya narke ya kumbura ya tura ƙofar. Idan babu ita, ruwa na zagaya lagireto tun daga tashi, ga fanka na hura shi, injin ba zai taɓa kai zafinsa ba. Akwai sensa da ke gaya wa ƙwaƙwalwar motar zafin ruwan. Muddin ta ji sanyi za ta riƙa ƙara fetur, kamar yadda ake jan cok ɗin babur da asuba, sai dai wannan cok ɗin ba a taɓa mayar da shi ba. Rarar man da bai ƙone ba shi ke baƙanta fulogai, wani kuma ya zurara ta jikin silinda ya tsinka baƙin mai. Ƙwaƙwalwar da aka so a jefar ba ta da laifi, abin da aka gaya mata take yi.

Yaya ya ce a sa tamostat a rufe magana. Dattijon ya ƙi. Ya ce ba wanda ke cire ta haka kawai, dole motar ta taɓa tafasa a hannun wani, kuma idan ba a gano dalilin ba, watan Afrilu na zuwa za ta ƙona gasket. Aka sauke lagireto. Laka da ƙaiƙayi sun cike tsakanin haƙarƙarinsa, cikinsa kuma ya yi farin dutse saboda ruwan rijiya da aka daɗe ana zubawa. Makunnin da ke jikinsa, wanda ke tayar da fanka idan zafi ya haura, ya mutu tuntuni. Robar murfin tulun ruwa ta tsage, alhali matsin da murfin ke riƙewa shi ke hana ruwa tafasa a digiri 100. Wanda ya riga mu ya bar waɗannan uku yadda suke, ya cire abin da ba shi da laifi.

Da tamostat ɗin ta iso daga Gusau, sai da dattijon ya gwada ta kafin ya ɗaura. Ya ɗaura mata waya ya zura a tukunyar ruwa a kan garwashi. Muna kallo, ruwan na gab da tafasa, bakinta ya buɗe a hankali. Da ya ciro ta ta sha iska, ta koma ta rufe. Aka wanke lagireto, aka sa sabon makunni da murfi, aka mayar da wayar fanka mazauninta, aka zuba ruwan inji mai hana tsatsa, aka yi juyen baƙin mai.

A hanyar komawa Badarawa allurar ta hau 90 ta tsaya cak. Awon cika tanki da aka sake yi ya nuna shan man ya dawo kusa da ƙa'ida, fulogai suka koma ruwan ƙasa, motar ma ta fi amsa totur. Kuɗin rim da salansa ya tafi a bel ɗin taimin, takalman birki da tayoyin gaba, bisa shawarar dattijon. Yaya ya cire makullin tanki, ya kira auta gaban Inna ya nemi gafararsa.

Duk mai tsohuwar mota da ƙaramin aljihu, kafin ya sayi kaya mai tsada ko ya ƙara mata ado, ya fara binciken abin da aka cire mata a hannun baya da dalilin cirewar. A Golf ɗin yaya, mayar da waɗannan ƙananan kaya mazauninsu bai kai rabin kuɗin ƙwaƙwalwar da aka ce a sayo ba.