Kalsiyam da maganiziyam: yadda ake daidaita shan su

Kalsiyam ne ke gina ƙashi da haƙori, amma ba ya aiki shi kaɗai. Sai da maganiziyam jiki ke iya sarrafa bitamin D, wanda ke taimaka wa hanji ya tsotsi kalsiyam ɗin. Baligi na buƙatar kalsiyam kusan miligiram 1,000 a rana, mace da ta haura shekara 50 kuwa 1,200. Maganiziyam tsakanin 310 ne da 420, gwargwadon jinsi da shekaru.

Wannan lissafi ya haɗa da abinci, kuma nan mutane da yawa ke kuskure. Mai shan nono da kindirmo, mai cin zogale da miyar kuka, ya riga ya samu wani kaso na kalsiyam. Gero, dawa, wake da gyaɗa kuwa na ɗauke da maganiziyam. Ƙwayar kalsiyam ko maganiziyam giɓi kawai take cikewa.

Idan ta kama a sha, kada kalsiyam ya wuce miligiram 500 a zama ɗaya, domin hanji ba ya tsotsar mai yawa da kyau lokaci guda. Nau'in kabonet da abinci ake shan sa. Yawan kalsiyam na kawo taurin bayan gida, wani lokaci har tsakuwar ƙoda. Maganiziyam na ƙwaya kuma, hukumomin lafiyar Amurka sun sa iyakarsa a miligiram 350 a rana, don yana sa gudawa.

Dukansu biyun na rage ƙarfin magunguna irin su ciprofloxacin, saboda haka a raba lokacin shan su. Mai ciwon ƙoda kada ya taɓa maganiziyam sai da izinin likita.