Mako Guda a Kan Bahar Maliya: Yadda Ake Zaɓen Jirgin Masu Nutso

Mutumin Birnin Gwari ba baƙon abin kallo ba ne. Ga gandun Kamuku nan a bayan gidansa, faɗinsa ya haura murabba'in kilomita 1,100, an keɓe shi tun 1936, aka mai da shi gandun ƙasa a 1999, da magangarar Dogon Ruwa da Goron Dutse a cikinsa. Amma shekarun da 'yan bindiga suka yi suna cin karensu ba babbaka a dajin sun koya wa mutanen yankin cewa kyaun wuri daban, zuwa a dawo lafiya daban. Mai niyyar Kaduna ba ya fara tambayar ko kujerar mota tana da taushi. "Yaya hanya?" ita ce gaba da komai. Da wannan tambayar nake so mu dubi wani irin yawon buɗe ido da hotunansa suka cika wayoyin matasanmu, wato nutso a teku don kallon duwatsun murjani.

Tsarin shi ne mutum ya hau jirgin ruwa mai ɗakunan kwana, ya yi kamar mako guda a cikinsa tare da baƙi wajen ashirin. A nan za a ci, a nan za a kwana, jirgin yana bi da su daga wannan tsibiri zuwa wancan. Sau uku ko huɗu a rana sukan goya tukunyar iska su nutse. Amfaninsa shi ne ana kaiwa wuraren da jirgin je-ka-dawo ba ya iya kaiwa. Illarsa ma nan take: an yi nisa da tudu, an yi nisa da asibiti.

Ana yin wannan a tsibiran Maldibs da Raja Ampat ta Indunusiya, amma mafi kusa da mu ita ce Bahar Maliya, kuma ba baƙuwarmu ba ce. Kakanninmu da suka tafi hajji a ƙasa, ta Chadi da Sudan, a Sawakin suke hawa jirgin filafilai su ƙetara zuwa Jidda. Sun bi ta kan murjanin nan, sai dai su a wurinsu dutse ne mai fasa jirgi. Yau jiragen nutso sun fi tashi daga Hurgada da Marsa Alam da Sharm el-Shek a Masar. Akwai kuma masu tashi daga gaɓar Saudiyya, kudu da Jidda. Ruwan Sudan yana cikin mafi kyau a duniya: can ne Sanganeb, wadda UNESCO ta sa cikin wuraren gadon duniya a 2016, can ne kuma Bafaranshen nan Jacques Cousteau ya kafa gida a ƙarƙashin ruwa a Sha'ab Rumi a 1963, mutanensa suka yi wata guda a ciki. Sai dai tun da yaƙi ya ɓarke a Afrilun 2023, mai hankali ya ɗage wannan tafiya.

Murjanin kansa ba dutse ba ne, ba kuma tsiro ba. Ƙananan halittu ne masu rai da ke gina wa kansu gida na farar ƙasa, wani a kan wani, shekaru dubbai, har ya zama katanga a cikin teku. Bai rufe ko kashi ɗaya cikin ɗari na ƙasan teku ba, amma kusan rubu'in nau'o'in halittun teku a jikinsa suke rayuwa. Idan ruwa ya yi ɗumi fiye da kima na wasu makonni, sai murjanin ya kori gansakukar da ke ciyar da shi, ya yi fari fat, in abin ya daɗe ya mutu. A Afrilun 2024 hukumar kula da teku ta Amurka ta sanar da cewa wannan annoba ta game duniya a karo na huɗu. Don haka jirgin da ke jefa anga a kan murjani, ko jagoran da ke barin baƙi suna taɓawa suna ɓantara, ba abokin tafiya ba ne.

Kafin a kai ga jirgi, mutum ya fara duba kansa. Ba a hawa irin wannan jirgi sai da takardar shaidar koyon nutso. Ta farko, wadda ƙungiyoyi irin su PADI ke bayarwa bayan horon 'yan kwanaki, iyakarta mita 18. Ta biyu takan kai mutum mita 30. Hanyoyin da jiragen ke bi a Bahar Maliya ma ba ɗaya ba ne. Ta arewa, wajen Ras Muhammad da jirgin Thistlegorm da Jamusawa suka nutsar a 1941, wanda har yau babura da motocin soja ke jere a cikinsa, ta fi sauƙi. Ta tsibiran Brothers da duwatsun murjani na Daedalus da Elphinstone kuwa igiyar ruwa tana da ƙarfi, kuma kamfanoni da yawa sukan nemi shaidar nutso 50 kafin su karɓi mutum. Kamfanin da ya ce da sabon shiga "ba komai, taho kawai" kuɗinsa yake so.

Sai lafiyar jiki. Duk mita 10 da aka nutsa, nauyin da ke danne mutum yana ƙaruwa da kwatankwacin nauyin iskar sararin sama gaba ɗaya. Wannan ke sa iskar naitirojin ta narke cikin jini da tsoka. In aka taso da gaggawa sai ta yi kumfa a jiki, ta kawo ciwon gaɓoɓi, shanyewar jiki, har mutuwa. Shi ya sa ake tasowa a hankali, a tsaya minti 3 a zurfin mita 5, kuma ba a hawa jirgin sama sai an yi aƙalla awa 18 da nutson ƙarshe. Masu taka-tsantsan kwana guda cur suke bari. Maganin ciwon shi ne wani ɗakin ƙarfe da ake matsa iska a ciki, kuma dole a tambayi awa nawa ne tsakanin jirgi da mafi kusa. Abin da ya fi shafar mu a nan shi ne sikila: mai wannan cuta nutso da tukunya ba nasa ba ne. Mai asma ko hawan jini ko ciwon zuciya ma sai likita ya amince.

Yanzu ga jirgin. Masu talla za su nuna maka gado mai laushi da faɗuwar rana. Abin da ke kashe mutane a waɗannan jirage, sau da yawa, ba nutson ba ne, wuta ce da kifewa cikin dare. Ranar 2 ga Satumba 2019 jirgin Conception ya kama wuta a gaɓar Kalifoniya, mutum 34 suka mutu a ɗakin kwana na ƙasa. Bincike ya nuna babu wanda ke gadin dare, duk ma'aikatan barci suke, kuma ƙofofin fita biyu duk ɗaki guda suke ɓullewa, ɗakin da wutar ke ci. An yanke wa matuƙin ɗaurin shekara 4. A Yunin 2023 jirgin Hurricane ya ƙone kusa da Marsa Alam, 'yan Birtaniya uku suka rasu. A Nuwamban 2024 Sea Story ya kife da dare a wannan yanki, mutum 11 suka mutu ko suka ɓace. Bayan haka hukumar binciken haɗurran ruwa ta Birtaniya ta ce an yi haɗari 16 na irin waɗannan jirage a Bahar Maliya cikin shekara biyar.

Saboda haka ga abin tambaya, kuma a rubuce ake son amsa. Akwai wanda ke zagaya jirgi ido biyu har asuba? Kowane ɗaki yana da na'urar jin hayaƙi, kuma yaushe aka gwada ta? Daga ɗakin ƙasa hanyar fita nawa ce, ina kowace ta ɓulle? Ina ake cajin wayoyi da baturan kyamara, ana kashewa da dare? Rigunan ceto suna cikin ɗaki ko a kulle a sito? Kwale-kwalen ceto zai ɗauki kowa? Akwai iskar oksijin ta gaggawa da wayar tauraron ɗan'adam? Ni a ganina, ɗakin sama ya cancanci ƙarin kuɗin da ake ɗora masa. In ka hau, kafin ka kwance jaka, je ka buɗe ƙofar gaggawar da hannunka. Bahaushe yana jin nauyin yawan tambaya kada a ce ya raina mai gida, amma nan ba wurin kara ba ne.

Batun kuɗi gajere ne. Mako guda yakan tashi daga dala dubu zuwa sama, ban da tikiti da biza. Farashin talla sau da yawa bai haɗa da hayar kaya da kuɗin shiga gandun teku da alherin ma'aikata ba, sai a nemi jimillar. Inshorar tafiya ta yau da kullum ba lallai ta ɗauki haɗarin nutso ba, akwai ta musamman irin ta ƙungiyar DAN. A jiragen Masar da Maldibs ma'aikata galibi Musulmi ne, abinci da wurin salla ba sa wahala, amma baƙi sukan sha giya da yamma. Wanda abin zai dama ya sani tun daga gida. Lokacin hunturu kuma ruwan arewacin Bahar Maliya yakan sauka wajen digiri 22, ga iska mai kaɗa jirgi.

Wanda bai taɓa nutso ba, shawarata ya sauka a otal a bakin gaɓa, ya koya, ya riƙa fita da safe yana dawowa da yamma, har ya san jikinsa da ruwa. Jirgin kwana ya bar shi sai zuwa na gaba. Wanda kuma ya ƙware, ya aika da tambayoyin can kafin ya biya ko sisi. In kamfanin ya amsa da hotuna maimakon bayani, riƙe kuɗinka ka nemi wani.