Kafin Ku Sayi Ƙaramar Katafila, Ku Dubi Ƙasarku

Jama'a, tun da aka buɗe shirin ba manoman shinkafa rance a Birnin Kebbi cikin Nuwamba 2015, aka kuma kafa injin casa na WACOT a Argungu cikin 2017, noman rani ya ƙara kankama a fadamar Gulbin Rima. Kowa kuwa ya sani shinkafa ba ta son fage mai tudu da kwari. Inda ya yi kwari ruwa ya kwanta, inda ya yi tudu ta bushe. Saboda haka manoma suka fara shawarar ƙaramar motar nan mai cokali a gaba, wadda Turawa ke kira sikid sitiya, don baje ƙasa da tada kunya.

To, bari mu fara da asalinta. Cikin 1957 waɗansu maƙera 'yan'uwa biyu, Louis da Cyril Keller, suka ƙera ta a Amurka, domin wani mai kiwon talotalo ya riƙa kwashe kashi daga ɗakin kiwo. Kamfanin Melroe ya karɓi aikin, ya fito da mai taya huɗu cikin 1960, aka sa mata suna Bobcat cikin 1962. Kun ga ke nan don matsattsen wuri mai tauri aka yi ta, ba don laka ba. Tayoyinta ba su karkata. In za ta juya, na gefe ɗaya su yi gaba, na ɗaya gefen su tsaya ko su yi baya, sai ta murɗa nan inda take, tana ƙwaƙule ƙasa.

Iri biyu ce yanzu, akwai mai taya, akwai mai sarƙar roba. Mai taya ta fi araha da sauƙin gyara. Ita ce ta aikin tudu, kamar cike fili da jar ƙasa a Badariya, ko loda taki a tifa. Amma in ta shiga ɗanyar fadama sai ta kafe, ta kuma daddaɓe ƙasa. Mai sarƙa kuwa nauyinta ya bazu, ba ta nutsewa da wuri, ita ce ta fadama. Sai dai sarƙar tana da tsada, tsakuwa kuma na cinye ta.

Na biyu, ku tambayi nauyin da aka yarda ta ɗauka. Ƙa'ida ita ce, mai taya ta ɗauki rabin abin da zai kifar da ita, mai sarƙa kashi 35 cikin 100. Kada ku manta, jiƙaƙƙiyar laka ta fi busasshen rairayi nauyi.

Na uku, in ta hannu ce, ku dubi agogon awoyin da ta yi aiki, ku leƙa ƙarƙashinta ko mai na zuba. Ku tabbata akwai bakanike da kayan gyaranta kusa. Ƙurar hunturu kuma tana toshe matatar iska, sai ana dubawa kullum.

Ga babban gargaɗi. Albarkar fadama tana cikin baƙar ƙasa ta sama, wadda ambaliya ke bari. Direba ya fara ture ta gefe, ya baje ta ƙarƙashi, sa'an nan ya mayar da ita. Kada kuma a shiga sai ƙasa ta tsane. Ku murza ta a tafin hannu, in ta yi igiya, a dakata.

Wanda aikinsa na 'yan kwanaki ne a shekara, haya ta fi masa saye, domin mota na ajiye bashi na tafiya. Ƙungiyar da ke da aiki rani da damina, ta sayi wadda ta dace da ƙasarta. Sayen nagari, mai da kuɗi gida. Allah ya ba mu amfani mai albarka, amin.